Wa Ya Kira Ka, Wa Kuma Ya Shaida?

Ƴan'uwana ɗalibai da matasa, akwai kalma ɗaya da ta fi kowace tsada a cikin ikilisiyoyinmu, ita ce kuma ta fi kowace shan wahala a bakinmu: kira. Mutum ya miƙe ran Lahadi ya ce Allah ya kira shi, shi ke nan, bakin kowa ya mutu. Ba mai tambayar yaushe, ba mai tambayar zuwa ina, balle a ce wa ya shaida. Wanda ya yi ƙarfin halin ɗaga hannu sai a ce yana ja da Ubangiji. To ga matsayina tun daga farko, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye: kiran da ba ya jure tambaya ba daga Allah ya fito ba, ikilisiyar da ta bar gwada masu cewa an kira su kuwa ta sayar da garkenta da arha.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ɗan littafi namu Musulmi ne, don mu Kirista a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba a ƙidayar 2012. Kada ku tsallake shafin. Wa za a ba limanci, wa zai riƙe kuɗin ginin masallaci, wa zai ja ƙungiyar ɗalibai a lise, duk dangin tambayar nan ne. Amma ni ɗakinmu zan share, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi mishi yoyo.

Hanya biyu da Arewa ta sani

Mu Arawa ba baƙi ba ne ga maganar zaɓen shugaba. Hanya biyu munka taras. Ta farko ita ce ta Lugu da Bagaji. In Sarauniya ta rasu, ko Baura, ba wanda ke fitowa ya ce a ba ni. Gawar ake ɗauka, a ce ita ke jan masu ɗaukarta har ta tsaya gaban wanda zai gada. Tarkama ke nan. Ni Kirista ne, ba na cewa mu koma ga tarkama, kuma ban yarda gawa na da abin da za ta nuna ba. Amma ku dubi tunanin da ke ƙarƙashin abin: kakanninmu Azna sun ɗauka cewa muƙamin da ya shafi ibada ba a nemansa, shi ke neman mutum, wanda ya faɗa wa kuwa kaya ya faɗa mishi. Matar da ta zama Sarauniya ta shiga bukkarta ke nan, yawon kasuwa da na buki sun ƙare mata.

Hanya ta biyu ita ce ta sarauta, wadda mu ƴan Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa, munka fi kowa sani. Sai ɗan gidan sarauta ke nema, masu gari ke jefa ƙuri'a, kowa kuma ya san ba a neman rawani da hannu wofi. Wannan ba laifi ba ne a wurinsa, sarauta ce, sunanta ke nan, ba ta ɓoye kanta ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a ikilisiya mun ɗauko hanyar neman rawani sukutum, da gadonta da gaisuwar darenta da ƴan ɓangarenta, sannan munka lulluɓe ta da farin zane munka rubuta "kira" a kai. Ɗan sarki ya fi mu gaskiya, shi ya faɗi abin da yake so.

Kira iri huɗu da ba na sama ba

Na farko, kiran gado. Baba fasto ne, to ɗa ma sai Allah ya kira shi, daidai shekarar da baba zai huta. Abin mamaki, a gidan maƙeri da na mai tallar itace ba a cika jin muryar ba. Ba ina cewa ɗan fasto ba ya iya zama fasto nagari ba, akwai su, mun gan su. Amma Littafi Mai Tsarki da kansa ya ja mana kunne. Eli firist ne, ƴaƴansa Hofni da Finehas sunka mai da hadayar mutane abincinsu. Annabi Sama'ila, wanda ba a taɓa kama shi da cin hanci ba, ya naɗa ɗiyansa Yowel da Abaija alƙalai a Biyer-sheba, sunka shiga karɓar rashawa har jama'a ta gaji ta nemi sarki. In albasar gidan Sama'ila ba ta yi halin ruwa ba, wane ne mu da za mu ce jini ya isa shaida?

Na biyu, kiran aljihu. Wanda ya sayi kwanon rufin majami'a, shi ne dattijo. Wanda ke da aboki a Amurka ko Jamus mai aiko da taimako, shi ne shugaba, don kada famfon ya ƙafe. Na taɓa zama a zaɓen dattawa na wata ikilisiya da ba zan faɗi sunanta ba. Daren jajibiri an zagaya gidaje da sukari da sabulu, matan zumunta kuma kowace da turmin zane. Da safe anka yi addu'a mai tsawo, anka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna nasa. Akwai wani tsoho mai wa'azi a wurin, wanda ya shekara fiye da ashirin yana bin ƙauyukan Dallol a kan keke, yana noman gerensa da hannunsa. Ƙuri'a huɗu ya samu. Da munka fito wata tsohuwa ta ce mini: "Ɗana, mi za mu yi? Mun ci kayan mutum." Gaskiyarta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Amma a cikin Ayyukan Manzanni sura 8, da Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa Bitrus kuɗi don a ba shi iko na Ruhu, Bitrus bai ce a sa shi cikin komiti ba, tsawata mishi ya yi, ya ce ya tuba. Tun daga nan tarihin ikilisiya ke kiran cinikin muƙami da sunan Siman.

Na uku, kiran takarda. Mai wa'azin da ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, irin ta Agye, ana ɗaukarsa ɗan ƙauye, ko da ya san Littafin kamar tafin hannunsa. Wanda ya dawo daga Yamai ko Jos da digiri da Faransanci a baki, kujera na jiransa tun bai sauka mota ba. Ni ɗalibi ne, ba zan zagi ilimi ba, ina ma fastocinmu duka su yi karatu mai zurfi. Amma digiri shaidar karatu ce. Ba ta faɗin ko mutum zai tashi da tsakar dare ya raka mai naƙuda likita, ba ta faɗin ko yana dukan matarsa. A nan kuma mu matasa mu taɓa namu ƙirjin: nawa ne cikin tsaranmu sunka ji kira sati ɗaya bayan sakamakon BEPC ko na bak ya fito babu sunansu? Aikin kiwon rayuka bai kamata ya zama wurin fakewar wanda ƙofofi sunka rufe wa ba.

Na huɗu, kiran mafarki. Wannan shi ne sabon yayi. Mutum ya yi faɗa da dattawa ran Laraba, ran Lahadi ya yi wahayi, ya kama hayar ɗaki, ya sayo lasifika, ya naɗa kansa manzo. Shi ne fasto, shi ne ma'aji, shi ne alƙali, matarsa ce mataimakiya. Ba wanda ya ɗora mishi hannu, don haka ba wanda ya isa ya tsawata mishi.

Ga wata tambaya da ta haɗa su duka huɗu. Don mi kiran nan kullum Yamai ya nufa, ko Dosso, ko Maraɗi? Don mi ba a cika kiran kowa zuwa tungar da Kirista gida uku ne, babu lantarki, babu albashi sai damin gero in damina ta yi kyau? Musa ya yi ta ba da uzuri a gaban kurmin nan mai cin wuta. Irmiya ya ce shi yaro ne. Yunusa jirgi ya shiga ya gudu. Waɗanda anka kira da gaske sun ji nauyin abin har sunka nemi kuɓuta, namu kuwa da gudu suke zuwa, da ƴan rakiya.

Abin da ya riga ya ci mu

Kada wani ya ce ina tsoratar da mutane da abin da bai faru ba. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya ta iso nan Dogondutsi da Gesheme, ta buɗe likitar Galmi a 1950. Shekara da shekaru linzami na hannun Turawan mishan, ƴan ƙasa na wa'azi, wasu na yanke shawara. Wannan ciwo ba a nan ya fara ba. An naɗa Samuel Ajayi Crowther na Nijeriya bishop a 1864, amma a 1890 wasu matasan mishan daga Ingila sunka zo sunka rushe mishi aiki sunka kori ma'aikatansa, ya rasu a 1891, Bature ne kuma anka ba kujerarsa. Su ma a lokacin da launin fata sunka auna kira.

Wajen samun ƴancin ƙasa a 1960 anka kafa EERN, ikilisiyar ƴan ƙasa. Bayan shekara talatin, tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ta tsage gida uku: EERN, da UEEPN mai ƙarfi a nan wajenmu, da Salama ta Damagaram. Kowane ɓangare da nasa bayanin, iyayenmu kuma na raye, ku tambaye su. Amma abu ɗaya ba mai musu: ba kan Littafi anka rabu ba, ba kan baftisma ba, ba kan wane ne Almasihu ba. Waƙa ɗaya suke rerawa har gobe. Kan shugabanci anka rabu, tsagar kuma ta bi layin yanki. Ƴan tsiraru da ba su cika ɗaya cikin ɗari ba sunka kasa zama inuwa guda saboda kujera.

Ran 16 da 17 ga Janairun 2015, da tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai kan zanen ɓatancin jaridar nan ta Faransa, majami'u da dama sun ƙone, gwamnati ta ce 45 a Yamai kaɗai. Wutar ba ta tambayi wace ce EERN, wace ce Katolika, wace ce ta manzon lasifika ba. A irin wannan rana ake sanin amfanin shugaban da maƙwabta ke ganin girmansa, wanda zai iya shiga zauren liman ko na mai unguwa a tashi a ba shi tabarma. Wanda ya hau da sukari da sabulu ba ya da wannan. Zaɓen shugaba a wurinmu ya wuce maganar wa zai zauna kujerar gaba, zaman lafiyar gidajenmu na rataye da shi.

Yadda manzanni sunka yi

Ba sai mun ƙago sabon abu ba. Da anka tashi cike gurbin Yahuza, mutum wajen 120 ne a zaune. Bitrus ya fara faɗin sharaɗi: sai wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya har tashinsa sama. Anka fitar da biyu da sunka cika sharaɗin, Yusufu Barsaba da Matiyas, anka yi addu'a, sannan anka yi ƙuri'a. Kibɗawan Masar na bin sawun wannan har yau. A Oktoban 2012 masu zaɓe fiye da dubu biyu sunka tace sunaye zuwa uku, sannan a Nuwamba anka ɗaure wa yaro ido ya zaro takarda ɗaya a babbar majami'arsu ta Alƙahira, ta fito da sunan Tawadros na biyu. Ku lura, ba a bar wa Allah zaɓi tsakanin nagari da ɓarawo ba, sai da jama'a ta gama nata aikin tacewa.

A sura 6, da gunaguni ya tashi cewa ana tauye gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci, manzanni ba su ce a rufe baki don kada arna su ji ba. Sun tara jama'a sun ce su zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida. Ku karanta sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas, duk sunayen Helenanci ne. Wato ɓangaren da ya yi kuka shi anka damƙa wa rumbu. A sura 13, Bulus da kansa, wanda ya ga haske a hanyar Dimashƙu, bai fita aikin bishara daga Antakiya ba sai da ikilisiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora mishi hannu. In mai wahayi irin na Bulus ya jira shaidar jama'a, kai wane ne?

Ma'aunin kuma a rubuce yake, 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1. Kada ya zama mai son kuɗi, ko mashayi, ko mai saurin hannu, ko sabon tuba. Ya zama mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, mai iya riƙon gidansa. Kusan duk hali ne da ake gani da ido, babu mafarki a ciki, babu sunan uba. Akwai kuma sharaɗin da munka fi mantawa: ya kasance da kyakkyawar shaida wurin waɗanda ba ƴan ikilisiya ba. A Matankari wannan na nufin Musulmin da ke gona kusa da tashi, da mai shagon da yake ci wa bashi, da Ba'aznen da sunka haɗa rijiya. Su ma suna da bakin magana kan wanda zai zama fastonmu, Bulus ne ya ba su.

Abin da za a ce mini

Za a jawo mini ayar Zabura 105 da ke hana taɓa shafaffu. Dawuda shafaffe ne, Natan ya shiga har fada ya faɗa mishi laifinsa. Bitrus babba ne, Bulus ya tsaya mishi gaban jama'a a Antakiya. Wasiƙar Timoti ma ta tsara yadda ake karɓar ƙara kan dattijo, da shaidu biyu ko uku. Wannan kariya ce daga ƙazafi, ba ta hana bincike ba.

Za a ce mu kaɗan ne, kada mu tona asirin kanmu. Wane asiri? A gari irin namu, kafin a gama ƙirgar baiko labari ya kai tasha. Mu kaɗai ke tsammanin a rufe yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Za a ce ƙuri'a siyasa ce, Ruhu ba ya bin rinjaye. Gaskiya ne rinjaye na iya ɓata, Isra'ilawa da rinjaye sunka ƙera ɗan maraƙi. Amma in jama'a ɗari masu addu'a na iya kuskure, mutum uku a zauren mai kuɗi da dare sun fi su iya kuskure. Maganin mummunan zaɓe shi ne a tsabtace shi.

Za a ce ni yaro ne. Na yarda, kuma ina durƙusa wa iyayena dattawa, da yawansu sun sha kora da gori saboda bangaskiyar nan tun ba a haife mu ba. Saboda wahalar tasu ne ma nake magana. Lokacin da Sama'ila ya je gidan Yesse, tsayin Eliyab ya ruɗe shi, wanda Allah ke so kuwa yana daji da tumaki, ko kiransa ba a yi ba don an raina shi.

Abin da muke nema

Ɗaya, a faɗi sunayen waɗanda ake tunani wata guda kafin zaɓe, a karanta sharuɗɗan Timoti da Titus da Hausa kowace Lahadi, mai ƙorafi ya kawo da shaidunsa. Biyu, dattawa su aika a tambayi matar mutum da maƙwabtansa da abokan cinikinsa. Uku, duk wanda ya raba ko da ƙwayar goro don a zaɓe shi, a cire sunansa. Huɗu, duk mai baftisma ya jefa ƙuri'a a asirce bayan azumi da addu'a, wanda bai iya karatu ba a ba shi tsakuwa da ƙwarya. Mata su ne ke cika benci, su ne ke share majami'a, su ne ke tara gero ran godiyar kaka, ba daidai ba ne a tuna da su sai ran dafa abincin taro. Ko masu cewa mace ba ta hawa bagade ba su da ayar da ta hana ta zaɓar wanda zai yi kiwonta.

Biyar, dattawa da ƴan komiti su yi wa'adi, in ya cika a sake dubawa. Fasto kada ya riƙe asusu, ma'aji kada ya zama ɗan gidansa, mutum biyu su ƙirga baiko, a karanta lissafi gaban jama'a duk wata uku. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi sunka zaɓa don kada a zarge shi. Shida, mai son bagaden birni ya fara yin shekaru a ƙauye, ikilisiyoyin birni kuma su ɗauki rabin nauyin fastocin ƙauye, don kada yunwa ta riƙa fassara musu kira. Bakwai, in ɗan fasto na cikin waɗanda ake dubawa, uban ya fita daga zaman.

Mu kuma matasa, namu aikin ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Mu bar zama ƴan tafi da ƴan kai saƙon dare. In an miƙo maka jika biyu ko katin waya don ka jawo ƴan kwaya su zaɓi wane, ka mayar, ka kuma faɗa wa dattijon da ka amince da shi. Ran da wani ya miƙe ya ce an kira shi, kada mu yi mishi dariya, wataƙila gaskiya ne. Mu ɗaga hannu da ladabi mu ce: "Baba, mun ji. Wa ya shaida, kuma in an tura ka tunga za ka tafi?" Wanda Allah ya kira zai amsa ba tare da fushi ba.